Dokar Shafa Mai

"Ɗago haɓa, tsoho!"

Ta lakato mai tana murza wa mijinta a kumatu. Tun da ya fara shan ƙwayar ciwon dajin huhu, kuraje suka feso masa kamar mai shiga balaga. Shi ya kawo mata dokar likita: a shafa mai safe da yamma, hula in zai shiga rana, kuma haramun ne majiyyaci ya shafa da hannunsa.

Ranar komawa asibiti ta bi shi.

"Likita, wai yaushe zai fara shafa abinsa? Na gaji."

Likita ta ɗago kai. "Wa ya hana shi?"

Tsoho ya ƙura wa fanka ido.

"To, sai me?" ya ce wa matarsa. "Rabonki da taɓa fuskata tun muna amarci. Sai da ciwon daji ya yi min hanya."