Murɗar Wuya a Shagon Aski

Tun da yatsunsa suka fara mutuwa, mai askin nan ya rasa sukuni. Almakashi ya riƙa suɓuce masa. Maɓallin riga ma sai matarsa ta saka masa. In ya miƙe tsaye, ƙafafu su yi nauyi kamar na aro.

"Baban yara, wannan ba gajiya ba ce," in ji matar. "Jiya takalminka ya fita a hanya, ba ka ma sani ba. Mu je asibiti."

"In na tafi wa zai riƙe min masu zuwa aski? Sanyi ne, zai wuce."

Bai wuce ba. Ya shafa man zafi, ya canza matashi, ya koma kwana a ƙasa, duk a banza. Ran nan injin aski ya kufce masa, ya share hanya fetal a tsakiyar kan wani dattijo. Mutumin ya fice da rabin aski yana faɗa.

Dogo, abokin aikinsa, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Jijiya ce ta hau kan 'yar'uwarta. Zauna in warware maka. Mutum nawa nake yi wa bayan aski, su tashi garau?"

Mai askin ya zauna. Dogo ya kama haɓarsa da ƙeyarsa, ya murɗa. Wuya ya ce ƙas. Wani abu kamar wutar lantarki ya ratsa shi har tafin ƙafa. Ya yunƙura zai tashi, sai ya sulale cikin gashin da ba a share ba.

A asibiti likita ta nuna wa matar hoton wuyan. "Ƙashi ne ya tsiro inda bai kamata ba, yana matse laka a hankali. Ba kasafai ake ganinsa ba. Da kun zo da wuri, da tiyata ta buɗa mata wuri. Murɗar nan ce ta ji mata rauni."

An yi tiyatar, ya rayu, amma hannuwan ba su dawo ba. Yau matarsa ke ba shi abinci a baki. Dogo kan zo dubiya, ya tsaya a bakin ƙofa, ya kasa shiga.

Jama'a, in yatsu suna mutuwa, ƙafa tana nauyi, a ga likita tun da wuri. Kada ku miƙa wuyanku ga wanda bai san abin da ke cikinsa ba.