Reyna a Bangon Disamba

Ranar Talata da ƙarfe goma na safe, Luz tana kwance da yankan kokwamba a kan idanunta, sai ga wayar Tita Chona, matar da ke nemo mata aiki.

"Tashi, 'yar nan. Bangon mujalla, fitowar Disamba. Sun ce Reyna ce za ta hau."

Reyna, wato sarauniya, shi ne sunan da masu mujallun Manila suka laƙaba mata tun tana ɗanya shakaf, lokacin da babu shagon askin da ba a manna hotonta ba. Yanzu ta haura talatin da biyar, kuma ta daɗe rabonta da bango. Tita Chona ta riga ta faɗa mata ƙiri-ƙiri: in shekara ta ƙare a haka, gurbinta a kamfani ya zama na Jhoanna, yarinyar nan da ke kiranta "Ate", wato yaya, da murya irin ta mai gaida kaka.

"Wace mujalla ce, Tita?"

"Ni ma yau na fara jin ta. Tandang. Maza ke saye, an ce har layi suke yi."

Tandang, zakara ke nan. Luz ta yi murmushi. Mujallun maza ba sa rabuwa da sunayen cika baki.

Daga ranar ta ƙaurace wa shinkafa, abin da a gidansu ake ɗauka alamar ciwo. Sharaɗi biyu kawai aka aiko mata: kada ta fesa turare, kuma ta gyara farce da kyau, amma ban da jan launi.

A wata gona a lardin Batangas aka yi ɗaukar hoton. Ana yi mata kwalliya a gindin mangwaro, ta jiyo ma'aikata biyu a bayan katanga.

"Reyna ta karya kuwa?"

"Farin ƙwai da rabin ayaba aka ce a ba ta."

"Ka ga ƙirji? Ka ga ƙafa? A waɗannan shekarun nata!"

Luz ta haɗiye zancen shekaru, ta riƙe sauran. Ƙwan da ayabar dai ba su iso gare ta ba, amma ba ta yi ƙorafi ba; cikin ya fi lafewa a haka.

A tsawon aikinta ta rataya maciji a wuya, ta kwanta a kan babur, ta rungumi tayar mota. Don haka da aka ce yau kayan ƙauye ne, ba ta ko ɗaga gira ba. Aka kafa mata malfa, aka ajiye kwando a gefenta, wani dattijo ya ɗora mata jar kaza a hannu kamar mai miƙa jariri.

Manong Berting, mai ɗaukar hoto, ya durƙusa dab da ita.

"Reyna, ɗago kai. Yauwa, kyakkyawa. Juyo nan."

Ta ɗago, ta juyo, ta lumshe ido yadda ta saba.

"Ɗan miƙo hannuwan gaba. Ƙara. To, a daina motsi."

Da suka gama har sumbatar kyamararsa ya yi.

Kafin Disamba, babu wanda bai ji labari ba a unguwa. Ranar da mujallar ta fito, mahaifiyar Luz, Aling Pasing, ta dafa taliyar pansit tukunya guda, ta ɗauko hayar na'urar waƙa, aka jera kujeru har bakin titi. Jhoanna kuwa, Luz da kanta ta gayyace ta, ta zaunar da ita a sahun gaba.

"Ate, ashe har yanzu da sauranki," in ji yarinyar.

"Zauna ki koya, ƙanwata."

Kawun Luz, Tiyo Ambo, shi ne ya ɗauki nauyin kawo mujallar. Ya ce shi dama fitowa ɗaya ba ta taɓa wuce shi ba. Luz ta yi mamakin dattijon da ba ya fashin coci, amma maza sai a bar su.

Ya iso yana haki, fuska cike da alfahari, ya yage ledar, ya ɗaga mujallar sama don kowa ya gani.

Ashe mujallar masu haɗa zakaru faɗa ce. A bangon, jar kazar nan ce ta cika shafin, kai a ɗage, an rubuta REYNA, UWAR ZAKARUN DAMBE, sannan can ƙasa, a ƙarƙashin cikinta, ana hango yatsun Luz da farcensu a gyare.