Sunan Ɗan Fari

Da matan Sabonjida suka naɗe tabarmin zaman makoki, ƙanwar uwar mamacin ta dafa kafaɗar yayarta ta ce, "Yaya, ko ɗigon hawaye ba ki zubar ba. Duk unguwa ana maganar haƙurinki."

Ita kanta uwar ba ta sani ba, haƙuri ne ko wani abu ne ya lalace a ƙirjinta. Tun ranar da mota ta buge babur ɗin ɗanta a hanyar Gumbihini, tana dama koko, tana salla, tana amsa gaisuwa, amma zuciyar wayam, kamar randar da ba ruwa.

Ɗan fari ne. Kunya ta hana ta kama sunansa tun ranar suna, kamar yadda uwarta ba ta taɓa kama nata ba. Amma yau wa za ta ji wa kunya? Ta shiga ɗakinsa, ta tura ƙofa, ta faɗi sunan a fili.

Babu abin da ya motsa. Ta maimaita, sai ta ji kamar baƙo take kira. Shi aka binne? Anya ma ta san mai sunan nan?

Ta juya za ta fita, ta yi tuntuɓe da takalmansa a bakin ƙofa, inda ya saba watsar da su.

"Kai, yaron nan! Sau nawa zan faɗa maka?"

Ta tsaya tana jiran "Na'am, Mma."

Kukan da ya biyo baya, har masallaci aka ji shi.