Muryar Bunzo

Daƙiƙa goma sha biyar Chizuru ta yi a sunkuye gaban 'yan jarida tana neman afuwa. Yayanta Tetsuo ne ya yanka mata adadin tun a mota, shi ne kuma ya tsaya a bayanta yana ƙirgawa.

Laifinta bai wuce hoto guda ba: an gan ta a tashar jirgin ƙasa ta Nakano da rana tsaka, riƙe da hannun wani likitan haƙori. Shekararta talatin da ɗaya, ba ta da miji, shi ma ba shi da mata. Sai dai ita ce muryar Nonoko, yarinyar nan mai kunya ta wasan zanen barkwanci da ake nunawa duk Lahadi, masoyan Nonoko kuwa ba su yarda ta san namiji ba. Suka farfasa fayafayanta. Kamfanin madarar da ke ɗaukar nauyin shirin ya fara ja da baya.

A cikin wasan, Nonoko tana da wa, Bunzo, ɗan shekara goma sha biyu, shaƙiyyi na ƙarshe. Kowane mako da sabuwar budurwa, ƙasa ta yi ta ƙyaƙyata dariya. Sunan Inukai Gen ke fitowa a matsayin mai muryarsa. Gen ba ya hira, ba ya hoto, a keɓe ake ɗaukar muryarsa, amma kwali-kwali mata suke aiko masa da cakulan.

Tetsuo ne ke rubuta shirin, shi ke shugabantarsa. Bara aka ɗauke shi hoto yana fitowa daga otal da matar da ba tasa ba. Jaridu suka ce to, ga inda Bunzo ya gado, ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ko kansa bai sunkuyar ba.

"Na cire sunanki," ya ce wa Chizuru a hanyar komawa daga wurin 'yan jaridar. "Wata 'yar sha tara za ta yi Nonoko."

"Yaya, shi kaɗai ne abin da ke ɗauke da sunana a duniya."

"Kare ki nake yi, sakarya. Kin ga irin wasiƙun da ake aikowa? Shi ma mai cire haƙoran na je na same shi. Ba zai ƙara kiran ki ba."

"Kai fa, bara?"

"Ni namiji ne. Ki daina kukan nan, za ki ɓata maƙogwaronki. Ki zo ofis ran Alhamis da wuri."

Mugu bai san ya isa ba. A satin nan ya rubuta sabon shiri: wani yaro ya ba Nonoko wasiƙa, Bunzo ya kore shi da tsintsiya, sannan ya hau lasifikar makaranta ya karanta wasiƙar, jan-bakin 'yan mata biyu a kumatunsa. Minti uku cur yana zagin Nonoko, mara kunya, mai zubar da mutuncin gida, wai duk don yana son ƙanwarsa.

Ba a taɓa kallon shirin kamar ranar da aka nuna shi ba. Kowa ya gane da wa ake, abin da ya ƙara wa dariyar gishiri ke nan. Masu sharhi suka yi ta yabon Gen, musamman inda muryarsa ta karye a ƙarshe, suka ce ciwon zuciyar yaya ne na gaske. Tetsuo ya faɗa wa wata mujalla, har da alfahari, cewa sau ashirin da uku ya sa a maimaita zagin sai da hawaye ya zo.

Da bazara aka ba Gen kambun gwarzon murya. Tetsuo ya karɓa a madadinsa kamar kullum. Daga wurin bikin ya biya gidan Chizuru, ya dangwarar da kambun a kan teburinta.

"Ungo kayanki, Gen," ya ce yana dariya. "Shekara tara kina muryar Bunzo, ban taɓa jin kin yi ta da kyau ba sai da na sa kika zagi kanki."