Hannu Uku a Kwanon Baba

"Kada wanda ya gaya masa," in ji Yaya, babban ɗan gidan, a bakin ƙofar ɗakin Baba. "Likita ya ce ciwon ya dawo, har ya kama hanta. Kowa ya saki fuska."

Ƙannensa biyu suka share ido.

Shekara biyu ke nan da aka yi wa Baba aikin ciwon dajin dubura, aka manna masa jakar bayan gida a gefen ciki.

Suka yi sallama, suka zauna a tabarmarsa. Auta ya jawo kwanon abincinsa, duk suka sa hannu.

"Baba, gwaji ya yi kyau," in ji Yaya. "Garau kake!"

"Alhamdulillahi."

Baba ya daɗe yana kallon hannuwan nan uku. Sai ya ajiye lomarsa.

"Tun da aka sa mini jakar nan, daga bakin ƙofa kuke turo mini abinci, kuna riƙe numfashi. Yau ga ku har cikin kwanona."

Ya goge hannunsa a hankali.

"Wata nawa likitan ya ce ya rage mini?"