Mai Barci a Zauren Jaz

Edita ya turo masa takardar sharhinsa da ɗan yatsa ɗaya, ko kallonsa bai yi ba.

"Shekara tara kana cewa komai ya cancanci a je a gani. Baje kolin zane, ya cancanta. Kiɗan jaz, ya cancanta. Ka kawo min rubutu mai zafi kafin Alhamis, in ba haka ba shafin nan ya koma na ƙwallon ƙafa."

Mai Shafi, kamar yadda ake kiransa a gidan jaridar, ya fito yana huci. Shi za a yi wa haka? Shi da duk mai son sanin inda zai je a ƙarshen mako sai ya jira bakinsa? Ba don shafin nan ba, wa zai san shi? Zai koma wani dattijo ne kawai mai shekara hamsin da shida, wanda ba shi da abin taƙama sai sumar da mai askinsa ke yabawa duk wata.

Kuma Allah ya sani yana ƙoƙari. Duk Lahadi da la'asar yana zauren jaz, a kujerar gaba da ake ware masa. Tikiti na biyu na layin da ke bayansa ne, shi yake ba matarsa don kada ya lalace. Ba don tana ganewa ba. Ya sha gaya mata cewa harkar fasaha sai mai kunne da ido, takan ce "to" ta ci gaba da goge baƙin yatsunta. Ƙorafinsa ɗaya a kan makaɗan zamani shi ne rashin juriya: da an fara busa, kafin ka ankara sai ka ji tafi.

Ranar Talata ya shiga ɗakin karatu na gari, inda aka buɗe wani ɗan ƙaramin baje koli a bene. Ya je ne da niyyar yanka ko wane ne ya samu. Zane goma sha biyu ne na gawayi, babu sunan mai su. Matar da ke tsaron ɗakin ta ce mai zanen ya roƙa a sakaya sunansa.

Duk zanen mutum ɗaya suke nunawa, an zana shi ta baya. A can nesa ga mai busa saksofon ya kumbura kumatu, ga mai ganga yana zufa. A kusa kuwa ga wata ƙeya mai ninki biyu, da sanƙo a tsakiyar kai kamar an ɗora faifai. A zane na farko kan yana tsaye. A na uku ya karkata. A na bakwai ya kwanta a kafaɗa. A na ƙarshe har ana hango gefen bakin a buɗe.

Mai Shafi ya yi dariya har sai da ya dafa bango. Daga nan kuma ransa ya ɓaci. Ga irin mutanen da suka kashe fasaha a garin nan! Su zo su cika kujera don a gan su, bayin Allah suna busa kamar ransu zai fita, su kuma suna sharar barci. Ya tsaya ya ƙara duban ƙeyar, yana jin kamar ya taɓa zama kusa da mai ita. Bai tuna ko wane ne ba.

A zama ɗaya ya rubuta sharhin. Ya kira mai zanen gwanin da gari bai taɓa haifar irinsa ba. Ya kira mai barcin buhun hatsi da aka sa wa riga. Ya rufe da kira ga masu karatu su cika zauren ranar Lahadi, su nemo wannan ƙeya, a gaya wa mai ita cewa gado yana gida.

Da ya karanta wa matarsa, sai ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, da ka cire wannan na ƙarshen."

"Shi ne gishirin rubutun," ya ce. "Ki bar wa masu abu abinsu."

Jarida ta fito, ta ƙare kafin azahar. Baje kolin da ba ya samun mutum biyar a yini sai da aka yi layi har matakala. Edita da kansa ya zo teburinsa ya ba shi hannu, ya ce shafi ya tsira, kuma zai tura mai ɗaukar hoto ranar Lahadi. Duk wanda aka kama, fuskarsa a shafin farko.

Ranar Lahadi zauren ya cika maƙil, har da na tsaye. Mai Shafi ya shigo da sabuwar riga, yana ɗaga wa mutane hannu. Ya bi ta tsakiya a hankali yana leƙa ƙeyoyi ɗaya bayan ɗaya, bai ga mai kama ba. Matsoraci, ya ce a ransa, ya ƙi zuwa.

Ya zauna a kujerarsa. Sai ya ji surutun bayansa yana mutuwa, layi bayan layi. Wani ya yi tari. Wata ta ƙyalƙyale da dariya ta toshe baki. Mai ɗaukar hoto ya baro bakin ƙofa yana tahowa a hankali. Mai Shafi ya gyara zama, ya ƙara miƙe wuya. Shekara tara yana jiran a san darajarsa haka.

Mai piyano ya taɓa sautin farko. Matarsa ta sunkuyo daga baya, ta kawo baki kusa da kunnensa.

"Don Allah, Malam, yau ka daure kada ka yi barci. Ni na zana ka ne don ka gani ka gyara, ba don ka tara mana gari ba."