Zakaran Tamu Ya Warke

Mai ɗori na Aliero ya ɗaure karayar Tamu, ya karya ƙafar zakara ya ɗaure, ya ce, "Abin da ya samu zakaran ga, shi za ya same ka."

Zakara ya warke har yana bin kaji, Tamu na kwance yana nishi. Ina dalilin tashi? Mutanen garinmu Karaye na yi mishi gayyar noman albasa, matarshi Gudiya na ciyar da su, rumbunta na ƙarewa.

Rannan 'yan gayya na cin tuwo, ni ina leƙe ta zana, Gudiya ta danne zakara, ta miƙa wa ƙanenta wuƙa. "Yanka muna, miya ba nama."

Tamu ya kurma ihu, "Ke Gudiya, kashe ni za ki yi?"

Jama'a, ban taɓa ganin gurgu ya tsallake turmi ba sai rannan!